Daga Lifidi zuwa Rigar 'Yan Kwana-kwana: Suturar Shiga Haɗari a Ƙasar Rano da Kibiya

Sana'ar shirya abin da mutum zai sa a jikinsa domin ya kutsa inda sauran jama'a ke gudu tsohuwar sana'a ce a ƙasar Kano, kuma ko da yake a yau an fi danganta ta da kamfanonin Turai da Amurka da Sin masu ƙera rigunan 'yan kwana-kwana da ƙananan na'urorin da ake ɗaurawa a ƙirji ko a wuyan hannu, matsalar da masu wannan ƙira ke fama da ita ita ce wadda maɗinkan lifidi da maƙeran kwalkwali suka yi fama da ita shekaru ɗari shida da suka wuce. Ana so suturar ta tsare jiki daga abin da zai halaka shi, ana so ta bar gaɓoɓi su motsa yadda aiki ke bukata, sannan ana so kada nauyinta da zafinta su gama da mai ita tun kafin haɗarin ya iso gare shi, alhali kuwa duk abin da aka ƙara domin biyan bukata ta farko yana rage wani abu daga sauran biyun. Kudancin Kano, musamman ƙasar Rano da Kibiya, wuri ne da ya dace a bi wannan tarihi, saboda a nan ne arzikin auduga da saƙa da rini ya haɗu da zaman bakin daga, wato zaman mutanen da ke kan iyaka da abokan gaba, waɗanda tilas su yi tunanin abin da za su sa idan an buga kuge.

Rano tana cikin Hausa Bakwai, tare da Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Biram, kuma a rabon ayyukan da labarin gargajiya ya yi wa 'ya'yan Bawo, Kano da Rano ne aka ce sarakunan baba, wato masu riƙe da sana'ar rini da shuni. Har gobe kuma ana kiran mai sarautar garin Autan Bawo. Ƙarfin Kano ya rinjayi na Rano tun da wuri, domin Tarihin Kano, littafin Larabci da wani Bature mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya nuna cewa Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya kori Sarkin Rano daga mazauninsa ya kuma shiga ƙasar ya zauna na wani lokaci. Sai dai rasa 'yancin sarauta bai raba yankin da sana'arsa ba. Ƙasar da ta miƙe daga Kura ta bi Bunkure ta iso Rano ta zama cibiyar saƙa da rini da bugu, inda ake fitar da baƙin yadi mai ƙyalli irin su turkuɗi, wanda Buzaye ke saye suna kaiwa har cikin Sahara, kuma lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta cewa tufafin da ƙasar ke fitarwa a shekara sun kai darajar wuri miliyan 300. Wannan yalwar zare da yadi, da ɗimbin hannayen da suka ƙware a kaɗi da saƙa da ɗinki, ita ce ta sa sutura mai cin yadi irin lifidi ta iya zama kayan yaƙin yau da kullum a masarautar.

Asalin shigowar lifidi kuwa yana da alaƙa da wannan kusurwa ta kudu. Tarihin Kano ya danganta shi da Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, ya kuma ce shi ne sarkin Hausa na farko da ya kawo lifidi da kwalkwalin ƙarfe da sulke, saboda yawan mutanen da ya rasa a yaƙinsa da Umbatu, waɗanda masana da dama ke ɗauka su ne Butawan duwatsun da ke kudu maso gabas da Kano, wajen da daga baya aka sani da ƙasar Ningi. Abin lura a wannan labari shi ne tsarin da ya bi: an fara da asarar rayuka, aka gane abin da ke kashe mutanen, wato kibiyar maharban dutse, sannan aka nemi suturar da ta dace da wannan makami. Duk wata ƙira ta kirki da aka yi wa masu aikin ceto a zamanin nan ta wannan hanya ta biyo, kuma wadda ta tsallake matakin farko, aka zana ta a ofis ba tare da an ƙirga gawarwaki an tambayi dalilin mutuwarsu ba, yawanci a sito take ƙarewa.

Lifidi sutura ce ta yadi ninki biyu da ake cusa wa auduga a tsakani, ko audugar gona ko ta rimi, wadda ta fi sauƙin nauyi kuma ba ta saurin shan ruwa, sannan a bi ta da ɗinki layi-layi ko gida-gida domin kada cushen ya zube ya taru a ƙasa ya bar ƙirji da kafaɗa a fili. Gwanintar maɗinki tana cikin tazarar da ke tsakanin layukan ɗinkin nan: idan ya matse su ƙwarai sai suturar ta yi tauri ta hana hannu ɗaga mashi, kuma kowane layin allura wuri ne da kaurin ya ragu, inda tsinin kibiya zai iya samun hanya, idan kuma ya sake su da yawa sai audugar ta dunƙule bayan 'yan watanni. Ba a ɗinka shi guda ɗaya, ana yin sa ne gunduwa-gunduwa, da bantan lifidi mai rufe ƙugu da cinyoyi, da safa mai rufe gangar jiki, da kumakumi da ake ɗaurawa a ƙirji, sannan ga na doki, wanda ke rufe wuya da ƙirji da kuturi har ya sauko kusa da gwiwa. A ka kuma sai kwalkwali, wanda ake yi da ƙarfe ko a naɗe shi da tsumma mai kauri, a ƙawata shi da farin ƙarfe ko tagulla da gashin jimina. Rarraba suturar haka yana da hikima biyu, domin yana barin gaɓoɓi su lanƙwasa, kuma idan wani sashe ya yage ana iya cire shi a kai wa maɗinki ba tare da an ajiye sauran ba.

Yadda lifidi ke tsare jiki ya bambanta da yadda sulke ke yi. Sulke riga ce ta ƙananan zobban ƙarfe da aka sarƙa cikin juna, mafi yawansa kuma ta hanyar Sahara da Borno yake shigowa daga Masar da sauran ƙasashen gabas, shi ya sa yake da tsada har ya zama kayan sarakuna da manyan barade da ake gada daga uba zuwa ɗa. Yana hana kaifin takobi yanka, amma siririn tsini kan iya ratsa zobe, kuma a yaƙin ƙasar Hausa ba a bukatar kibiya ta shiga da zurfi, tun da an shafe ta da dafin da ake dafawa daga 'ya'yan kwankwani, wanda ke tsayar da bugun zuciya ko da ƙwarzane kawai ya samu. Lifidi shi kuwa yana shanye ƙarfin kibiyar ne a hankali, zaruruwan auduga su nannaɗe tsinin su riƙe shi kafin ya taɓa fata, har akan ga barde ya fito daga daga da kibau a soke a jikin rigarsa ba tare da ko ɗaya ta ji masa ba. Ga shi kuma duk abin da ake bukata domin yin sa, daga auduga zuwa zare zuwa allura, ana samun sa a kasuwar Rano ko ta Kibiya.

Amma kariyar nan tana da farashi, kuma wanda ya fi bayyana farashin shi ne Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya da ya halarci harin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kai wa Gobirawa a garin Konya a watan Oktoba na 1826. Ya ga 'yan lifida da idonsa, ya kuma rubuta cewa nauyin kayan ya sa mahayi ba ya iya hawa doki sai mutane sun ɗaga shi, dokin ma da kyar yake wuce tafiyar ƙasaita, kuma akwai masu bin kowane ɗan lifida a ƙasa domin su tashe shi idan ya faɗi. Ma'anar wannan ita ce lifidi bai taɓa zama kayan mutum ɗaya ba: a bayan kowane mahayi akwai zagage da masu kula da doki da masu ɗaukar kayan a kan jaki ko raƙumi har a iso fagen fama, domin ba wanda zai iya yin tafiyar yini a cikinsa a ranar bazara. Wuta ma abokiyar gabarsa ce, tun da auduga busasshiya ce a cikinsa, ruwan sama kuma yana ninka nauyinsa. A wannan yaƙi ne dai Clapperton ya yaba wa wata tsohuwar baiwar Sarkin Musulmi, mutuniyar Zamfara, wadda ta hau doki da goruna cike da ruwa da kwanon sha na tagulla, ta kifa abin rufe kwano na kaba a kanta saboda rana, tana zagayawa tana shayar da masu rauni da masu ƙishi. Idan ana neman magabatan ma'aikatan ceto a tarihin ƙasar Hausa, wannan tsohuwa da zagagen da ke janye wanda ya faɗi sun fi barade cancantar sunan, kuma abin takaici ne cewa su ne ba wanda ya ɗinka wa komai.

Ƙarni na 19 ya nuna iyakar lifidi tun daga farkonsa. A Tafkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, maharban jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda dawakinsu kaɗan ne, sun karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa duk da manyan dawakinta masu lifidi, kuma bayan shekara uku Sarkin Kano Alwali, na ƙarshe a sarakunan Haɓe, ya gamu da ajalinsa a Burumburum, kudu da Rano, bayan rundunarsa ta watse. Sabbin masu mulki ba su yar da lifidi ba, sun gaje shi ne suka ci gaba da amfani da shi, sai dai abokan gabar da suka fi damun kudancin Kano daga tsakiyar ƙarnin ba masu tsayawa a fili ba ne. Wajajen 1846 Malam Hamza da wasu malamai suka bar Tsakuwa saboda rikicin haraji suka shige duwatsun Ningi, inda suka haɗa kan Butawa da Warjawa da sauran ƙabilun wurin, kuma a zamanin shugabansu Ɗan Maje, wanda ya yi daidai da farkon mulkin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi da ya hau gado a 1855, hare-haren Ningawa sun addabi garuruwan kudu da kudu maso gabas, suna kama mutane a gona suna kora dabbobi. Maharin da ke zuwa da asuba ya koma dutse kafin azahar ba ya jiran a ɗaura wa barde kumakumi, kuma doki mai ɗauke da lifidi ba shi da amfani a tsakanin duwatsu irin na Rurum da na kewayen Kibiya. Abin da ya tsare talakawa a wannan zamani shi ne ganuwa da ƙofa da mai tsaro a kan dutse da ƙarar kuge ko ganga, wato hanyar sanar da mutane da wuri, sannan a jikinsu warki na fata da garkuwa da rigar layu. Rigar layu, wadda ake ɗinka wa ayoyi da addu'o'i a cikin ƙananan gidajen fata da dukawa ke yi, ta cancanci a ambace ta da girmamawa a wannan tarihi, domin ta nuna cewa mai shiga haɗari yana bukatar natsuwar zuciya kamar yadda yake bukatar kariyar fata, kuma suturar da bai amince da ita ba ba zai sa ta ba ko da kyauta aka ba shi.

Bindigar Turawa ce ta rufe babin. A farkon Fabrairun 1903 rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta fasa Bebeji, maƙwabciyar Rano, ta kuma ci Kano ranar 3 ga watan, kuma babu kaurin audugar da zai tsayar da harsashin bindiga mai sarrafa kanta. Daga nan lifidi da sulke da kwalkwali suka koma kayan hawan salla, inda 'yan lifida ke tafe kusa da sarki cikin launuka masu ɗaukar ido, al'adar da hukumar UNESCO ta sa a jerin gadon al'adun duniya a Disambar 2024. Sarautar Rano ita ma ta ga sauye-sauye, daga hakimci a ƙarƙashin Kano zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019, sannan a 2024 aka rushe ta aka sake kafa ta a daraja ta biyu da ƙananan hukumomin Rano da Bunkure da Kibiya.

Haɗarin da ya maye gurbin kibiya a yankin ya zo ne tare da ci gaba. Tsakanin 1971 da 1974, a mulkin Gwamna Audu Baƙo, aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, wadda ke riƙe da ruwan da ya kusa kubik mita biliyan 2, aka kuma ja manyan hanyoyin ruwa ta Ruwan Kanya zuwa gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure. Shinkafa da alkama da tumatir sun kawo arziki, amma mutanen da kakanninsu ba su san ruwa mai zurfi ba sai na kududdufi da damina suka wayi gari suna maƙwabtaka da tafki da magudanan siminti masu santsi da ƙarfin gudu. A watan Agustan 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta halaka mutane ta rushe dubban gidaje. A kan wannan sai a ƙara rijiyoyi da ramukan masai, da kududdufan da aka bari bayan haƙar ƙasar gini, da motocin dakon mai a kan manyan hanyoyi, da katangun ƙasa da ke zubewa a kan masu barci a watan Agusta. Hukumomin da aka kafa domin irin waɗannan masifu suna nan, daga hukumar kashe gobara ta jiha zuwa hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, wadda aka kafa a 1999, da takwararta ta jiha, amma daga birnin Kano zuwa Rano tafiyar kusan awa guda ce a mota, balle ƙauyukan Tarai ko Saji, alhali wanda ya nutse ko iska ta yanke masa mintoci kaɗan gare shi. Saboda haka mai ceto na haƙiƙa a wannan ƙasa shi ne maƙwabci, da mahaƙin rijiya, da masunci, da ɗan sintiri, da 'yan agajin ƙungiyoyin addini irin na Jama'atu Nasril Islam da Izala da Fityanul Islam, kuma duk mai son ƙera wa masu ceto sutura a nan, jikin waɗannan ya kamata ya auna.

Rijiya ce ta fi nuna abin da ake nufi. Idan akuya ko yaro ya faɗa, ko guga ya tsinke ƙugiya ta kasa kamo shi, sai a ɗaura wa wani saurayi igiya a ƙugu ya sauka yana taka ramukan da aka sassaƙa a jikin bango, mutane a sama suna riƙe da ɗaya bakin igiyar suna kiran sunansa. Abin da ba ya gani shi ne iskar da ke ƙasa: a sarari kashi 21 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa oksijin ne, amma a gindin tsohuwar rijiya ruɓewar ganye da shara kan cinye shi, iskar kabon mai nauyi ta kwanta a wurin, idan kuma an kunna injin jan ruwa a ciki ko a bakin ramin sai iskar guba da ke cikin hayaƙinsa, wadda ba ta da wari ba ta da launi, ta cika wurin. Mutum kan sume ba tare da ya yi ko ihu ba, na sama su ɗauka santsi ne ya kwashe shi, sai ɗan'uwansa ya bi shi, na uku ya bi na biyu. Wannan ba a ƙasar Hausa kaɗai yake faruwa ba, domin hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta yi gargaɗi a 1986 cewa fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu mutuwa a irin waɗannan ƙuntatattun wurare masu ƙoƙarin ceto ne. Tsofaffin mahaƙa suna da dabarar zura fitila mai harshen wuta kafin su sauka, idan ta mutu su san iskar ba ta da kyau, kuma dabarar tana da tushe, sai dai ba ta gano hayaƙin inji, a ramin masai kuma tana iya tayar da gobara saboda iskar da ke kamawa da wuta. Na'urar zamani da ke wannan aiki ba ta fi wayar hannu girma ba, ana maƙala ta a wuyan riga kusa da hanci, tana auna iska iri huɗu a lokaci guda, kuma tana ƙara da walƙiya da girgiza da zarar oksijin ya sauka ƙasa da kashi 19.5. Cikin duk na'urorin sawa a jiki da ake tallatawa, wannan da ɗamarar da ke riƙe ƙirji da cinyoyi, wadda ke barin a jawo sumammen mutum a tsaye maimakon igiyar ƙugu da kan karya shi biyu, su ne suka fi kusa da bukatar ƙauyukan Rano da Kibiya.

A sauran duniya ma masifa ce ta riƙa haifar da kayan ceto. Kamfanin Dräger na Jamus ya fito da na'urar numfashi ta masu ceto a ma'adinai a farkon ƙarni na 20, kuma fashewar ramin kwal na Courrières a Faransa a 1906, inda mutum 1,099 suka mutu, ta sa ƙasashe suka ɗauki horar da masu ceto da irin waɗannan na'urori da muhimmanci. Garrett Morgan, baƙar fata ɗan Amurka, ya yi rajistar hular kariya daga hayaƙi a 1914, ya kuma shiga da ita da kansa cikin ramin da ya fashe a ƙarƙashin tafkin Erie a Cleveland a 1916 ya fito da mutane. A shekarun 1960 kamfanin DuPont ya samar da zaren Nomex, wanda ba ya narkewa a wuta, da na Kevlar, wanda Stephanie Kwolek ta gano a 1965, kuma daga waɗannan ake saƙa rigar ɗan kwana-kwana ta yau. Rigar ninki uku ce: na waje mai jure harshen wuta da yagewa, na tsakiya mai hana ruwa da tururi shiga, da na ciki mai hana zafi isa fata, wanda idan aka farke shi za a tarar cushe ne da aka bi da ɗinki layi-layi domin ya riƙe iska a tsakaninsa, daidai da aikin maɗinkin lifidi. A kan rigar ake ɗaura tukunyar iska, wadda aka ƙiyasta wa minti 30 ko 45 ko 60 amma mai aiki tuƙuru kan shanye ta kafin haka, da wata ƙaramar na'ura da ke fasa ƙara idan mai ita ya yi kamar daƙiƙa 30 bai motsa ba, domin abokan aikinsa su san inda ya faɗi a cikin hayaƙi. Aikin da zagage ke yi wa ɗan lifida ke nan aka mayar cikin na'ura, kuma kamar can, ƙarar ba ta da amfani idan babu wanda ke tsaye a waje yana jiran ya ji ta.

Tare da wannan gado, rigar zamani ta gaji babban aibin lifidi. Cikakkun kayan ɗan kwana-kwana sukan kai kilo 20 ko fiye, kuma abin da ke hana zafin wuta shiga shi ne ke hana zafin jiki fita, gumi ya kasa bushewa, zuciya ta riƙa bugawa da sauri domin ta sanyaya jikin da ba ya sanyayuwa. A Amurka, inda ake ajiye lissafi, ciwon zuciya ne ke da alhakin kusan rabin mutuwar 'yan kwana-kwana a bakin aiki, ya fi ƙuna yawa nesa ba kusa ba. Idan haka abin yake a ƙasashen sanyi, to a kudancin Kano, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40 a inuwa, kuma inda azumi kan faɗo a tsakiyar bazara a wasu shekarun, rigar da aka auna da yanayin Turai tana iya zama haɗari ita kanta, tun da zafin cikin jiki idan ya wuce digiri 40 mutum kan ruɗe ya faɗi. A nan ne sabbin na'urori ke da abin bayarwa: ɗamarar ƙirji ko rigar ciki mai auna bugun zuciya da numfashi da zafin fata, wadda ke aika sakamako ga shugaban ayari domin ya fitar da wanda ya gaji kafin ya kife. Amfaninsu gaskiya ne, amma yana da sharuɗɗa da masu talla ba su cika faɗa ba, domin na'urar nuna wuri ta tauraron ɗan'adam ba ta aiki a cikin rijiya ko ƙarƙashin ginin da ya rushe, wadda ta dogara da sabis ɗin waya kuma takan yi shiru a lungunan duwatsu, batir yana son caji a garin da wuta ba ta tsayawa, ƙurar hunturu kuma tana toshe ƙofofin da na'ura ke shaƙar iska ta cikinsu. Akwai ma gyaran da ba ya bukatar batir ko kaɗan: yadin roba mai sheƙi da ake yawan ɗinka kayan sarki da shi saboda arha yana narkewa ya manne a fata idan wuta ta taɓa shi, abin da auduga tsantsa ba ta yi, don haka ɗan agajin da ke tunkarar gobara da kakin roba ya fi wanda ke sanye da saƙin gida shiga haɗari.

Ta fuskar ruwa, masunta sun daɗe da nasu abin riƙewa, wato babban gora da ake kifa ciki a kansa ana iyo, irin wanda ake gani a bikin kamun kifi na Argungu, kuma a garuruwan bakin kogi Sarkin Ruwa da mutanensa ne ake kira idan wani ya nutse. Hatsarin jirgin ruwan Bagwai na ranar 30 ga Nuwamba 2021, a madatsar Watari da ke arewa maso yammacin Kano, inda mutum aƙalla 29 suka rasu, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya, ya sa an yi ta maganar rigar hana nutsewa, kuma darasinsa ya shafi duk mai hawa kwalekwale a Tiga. Ita ma rigar tana da tarihi da rimi, domin kafin a koma ga soso na roba, audugar rimi ce ake cusa wa rigunan ruwa na jiragen duniya har bayan Yaƙin Duniya na Biyu, saboda zarenta mai rami ne a ciki kuma yana da maiƙon da ke korar ruwa. Rigar da za ta yi aiki a nan tilas ta zo da girman yara, ta kuma dace da mace mai hijabi da namiji mai babbar riga, in ba haka ba za ta zauna a ƙarƙashin benci.

Abin da ya sa lifidi ya yi shekaru ɗari biyar yana aiki shi ne sana'o'in da suka kewaye shi, da manomin auduga da mai kaɗi da masaƙi da maɗinki da baduku da maƙeri, tare da masu sarauta a fada da aka ɗora wa alhakin adana kayan da fito da su, ta yadda abin da ya lalace a wannan yaƙi an gyara shi kafin na gaba. Kayan ceto na zamani suna zuwa ne a kwali daga waje, sau da yawa a matsayin gudummawa, ba tare da wannan zagaye ba. Ƙwayar da ke auna oksijin a cikin na'urar iska takan mutu bayan kamar shekara biyu ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba, kuma tana bukatar a riƙa gwada ta da iskar gwaji ta musamman. Tukunyar numfashi tana bukatar injin cika ta da iska mai tsabta. Rigar Nomex da aka wanke da sinadarin faranta tufafi ta rasa ƙarfinta ko da ido bai gani ba. Wasu sassan aikin, kamar ɗamarar jawo mutum, da ƙarfe mai ƙafa uku da ake kafawa a bakin rijiya da ƙaramar gargarensa, da rigar ruwa, da kakin auduga mai kauri, teloli da dukawa da masu walda na Rano za su iya yin su idan an ba su ma'auni an kuma gwada ƙarfin abin da suka yi, masu gyaran waya na kasuwa kuma za su iya koyon kula da batir da caji da sola. Sauran, irin su ƙwayoyin aunawa da iskar gwaji, sai an saya daga waje, kuma wannan yana nufin wani layi na dindindin a kasafin kuɗin ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure, da wani mutum sananne a kowace gunduma wanda na'urar ke hannunsa, wanda dagaci da masu unguwa suka san gidansa da lambar wayarsa.